Huɗun Agogon Baba

Ƙarfe biyun dare a Yaba.
An ɗauke wuta, janaretan maƙwabta na ta tari,
ni da kwamfuta mun zuba wa juna ido
kamar mai bashi da wanda ake bi.

Oga Rotimi ya ce kafin Litinin.
Tsofaffin kundayen lauyoyi ne, kwali arba'in,
tun na zamanin tafireta,
kowane babi da lambar Rumawa a goshinsa.
A koya wa na'ura ta gane su, in ji shi,
ta mayar da su lissafin mutane.

Haruffa bakwai kacal!
M dubu, D rabinta, C ɗari,
L hamsin, X goma, V biyar,
sai I, siririya, ita kaɗai kamar tsinke.
Na ce kafin shayina ya huce na gama.
Shayin ya huce. Na dafa wani.

Ashe suna da tarbiyya irin ta gidanmu:
ƙarami in ya bi bayan babba, ƙari ne;
in ya sha gabansa, babban ke raguwa.
Shan gaban ma da iyaka.
I ta tsaya gaban V, ta tsaya gaban X,
amma ba ta isa ta tari L ba,
wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa.

Sai na zauna saƙar raga
kamar masuntan Makoko da maraice,
ido huɗu: na dubbai, na ɗaruruwa, na gomomi, na ɗaiɗai.
Na kafa turke a farkon layi, turke a ƙarshe,
kada baƙon harafi ya shigo ta bayan gida.
Na gindaya doka: babu mai maimaita kansa fiye da sau uku.

Na jefa MCMXCIV, ta cafke:
dubu da ɗari tara da casa'in da huɗu,
shekarar da Baba ya sauka Agege
da akwatin ƙarfe da sukudireba ƙanana.
Na jefa VV, ta tofar.
Na jefa IC, ta ce Allah ya ba da sa'a.
Na jefa mata babu, fili fetal, ko ɗigo,
ta ce ta karɓa!
Rumawan da ba su san sifili ba,
ga ragata tana kama iska.
Na ɗinke wannan ɓarakar, ina dariya ni kaɗai.

Sannan IIII.
Ja ya bayyana a allo: kuskure.
Daidai, na ce, haka doka ta tanada,
na juya hannu in ga ƙarfe nawa.

Agogon Baba ne, mai zanen tsaga a gilashi.
Tsakanin uku da biyar
ga sanduna huɗu a jere, kamar sahu.

Shekara ashirin da shida Malam Barau yana bakin titin jirgi,
gilashi maƙale a ido ɗaya,
yana tayar da agogon da masu shi suka fid da rai.
Bai yi boko ba. Nasa lissafin na abajada ne:
alif ɗaya, ba biyu, jim uku, dal huɗu.
Da waɗannan sandunan yake rufe akwati,
ya ɗauki buta,
la'asar ba ta taɓa wuce shi ba.

Wa zan ƙaryata, doka ko Barau?

Na buɗe raga, na ƙara ido ɗaya ƙarami,
na rubuta a gefe, inda na'ura ba ta karantawa:
a bar wannan, na san mai shi.

Ranar Litinin Bimbo za ta duba aikin,
ta ɗaga gira, ta tambaye ni dalili.
Zan cire agogon in ajiye mata a tebur.

Yanzu dai an kawo wuta, fanka ta motsa,
wani kwandasta a ƙasa ya fara kiran Oshodi,
ni kuma ban ɗaura wa agogon waini ba tun jiya.